Gwangwanin Kawu: yadda ake gane haƙoran kifin shak na zamanin da bayan sun goge

Bayan sadakar arba'in ta Kawu aka zauna rabon gado. Gida da gona da 'yan tumaki duk an san inda suka dosa. Abin da ya rage a ƙasan adakarsa ne aka rasa mai so: gwangwanin biskit guda, tsatsa ta ci bakin murfinsa, cike da kwalayen ashana. Inna, matarsa, ta turo min shi kan tabarma ta ce, “Ungo, kai ne ɗan boko. Shekara talatin Malam yana adana abin nan, ban taɓa tambayarsa ba, na ɗauka kayan magani ne.” Na ce, “Na gode Inna, Allah ya jiƙansa da rahama.”

Haƙora ne a ciki, guda 63, kowane kwali da 'yar audugarsa. Wasu baƙaƙe, wasu ruwan ƙasa, wasu launin shayi mai madara. Yawancinsu ba su kai gaɓar yatsa ba. A bayan kwalayen Kawu ya rubuta da fensir: Dange, Wurno, Tawa, biyu Maroko, ɗaya kuma Fulorida. Ya yi shekaru yana bin masu haƙar rijiya a ƙasar Sakkwato, na Maroko da na Amurka kuwa tsarabar abokan aiki ce. Kaɗan ne suke da kyan da ake gani a hotunan littattafai. Sauran sun goge: tsini ya dakushe, gefe ya sulɓe, wani ma sai ka rantse tsakuwa ce. Irin waɗannan su suka fi yawa a hannun duk wanda ya gaji irin wannan ajiya, su ne kuma aka fi laƙaba wa sunan da ba nasu ba.

Duk wanda na nuna wa, tambayarsa ta farko ɗaya ce: me ya kawo kifin teku Sakkwato? A lissafin masana ilimin ƙasa, tsakanin shekaru miliyan 100 da miliyan 50 da suka wuce, teku ya sha malalowa ya ratsa inda Sahara take a yau, ya ja da baya, ya sake dawowa. Kwarin da suke kira Iullemmeden, wanda ya haɗa Sakkwato da Tawa da gabashin Mali, ruwan gishiri ne ya kwanta a cikinsa. Farin dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi, da na Malbaza a Nijar, ƙasan wancan tekun ne. A 1934 Errol White na gidan tarihin halittu da ke Landan ya wallafa bayanin burbushin kifayen lardin Sakkwato, har sunayen garuruwanmu suka shiga sunayen kimiyya: Myliobatis wurnoensis daga Wurno, ɗan'uwan kunamar ruwa (faffaɗan kifin teku mai ƙaya a wutsiya), da Ginglymostoma sokotoense. A 1972 Bafaranshe Henri Cappetta ya yi irin wannan aiki a ɓangaren Nijar, ya raɗa wa wani kifi Igdabatis saboda dutsen Igdaman da ke yankin Tawa.

Dalilin da ya sa haƙori aka fi tsinta shi ne shak ba shi da ƙashi irin namu. Guringuntsi ne gangar jikinsa, yana mutuwa ya ruɓe. Haƙoransa kuma jeri-jeri suke a dasashi, na gaba ya faɗi na baya ya matso, har ƙarshen rayuwarsa. Kifi ɗaya kan zubar da dubbai. Turawan da sun daɗe suna tsintar su, musamman a tsibirin Malta, suna kiransu duwatsun harshe, suna rataye su don maganin dafi. A 1666 masunta suka kama wani ƙaton farin shak kusa da Livorno a Italiya, aka kai kansa birnin Fulorans wurin likita Nikolas Steno ɗan ƙasar Danmak. Ya ajiye haƙoran kifin kusa da duwatsun harshe, ya ga abu ɗaya ne, ya wallafa a 1667. Har yau hanyar ba ta sauya ba: a ajiye wanda ba a sani ba kusa da wanda aka sani, a duba.

Amma kafin a duba haƙorin, takardar da ke tare da shi ake fara karantawa. A nan na yi kuskuren da har yau yake cina. Daren farko, don ɗoki, na juye kwalaye uku a faranti ɗaya ina jera su daga babba zuwa ƙarami. Sai da na gama na tuna ɗaya na Dange ne, ɗaya na Tawa, ɗaya na Maroko. Haƙora 14 suka gauraye. Abin da Kawu ya kiyaye shekara talatin na ɓata shi kafin shayi ya huce. Wanda ya gaji irin wannan kaya, ina roƙonsa, kada ya buɗe kwali na biyu sai ya rufe na farko, kada kuma ya yar da ko guntun jaridar da aka naɗe haƙori a ciki.

Sunan wuri shi ne shekarun haƙori. Duwatsun teku na Dange da Kalambaina na zamanin da ake kira Paliyosin ne, shekaru miliyan 66 zuwa 56. Shimfiɗar Dukamaje ta girme su, ta ƙarshen zamanin Kiritashiyos ce. Shahararren ƙaton shak ɗin nan megalodon kuwa, wanda kowa yake so a ce nasa ne, ya rayu daga wajen shekaru miliyan 23 zuwa miliyan 3.6 da suka wuce. Lokacin da ya bayyana, tekun Sakkwato ya daɗe da ƙafewa. Saboda haka haƙorin da aka tono a Dange, ko ya kai girman tafin hannu, ba megalodon ba ne. Kalma ɗaya da fensir ta kore ɗaruruwan sunaye tun ba a ɗauki madubi ba. Haka ma Maroko: yawancin haƙoran da ake sayarwa daga can suna fitowa ne daga ramukan fosfat na Khouribga, shekarunsu daga ƙarshen Kiritashiyos zuwa farkon Iyosin, zamanin da ya biyo bayan Paliyosin.

Sai a ɗauki haƙorin. Kashi biyu ne: kai mai ƙyalli, da saiwa marar ƙyalli mai 'yan ƙofofi kamar soso. Fuskarsa ɗaya shafaffiya ce, ita ke kallon leɓe. Ɗayar mai tudu ce, ita ke kallon harshe, kuma a nan yawancin alamun suke. Mutane da yawa suna ɗaukar mai tudun ce gaba saboda ta fi kyau, alhali ita ce ciki.

Gogewa ba iri ɗaya ba ce, kuma bambanta ta yana da amfani. Haƙorin da ya karye tun kifin yana raye, garin cizon ƙashi, tsininsa ne kawai ke ɓarewa, sauran jikin lafiya lau. Wanda ruwa ya yi ta mirginawa cikin yashi da tsakuwa kuwa ko'ina ya sulɓe daidai, kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi. Wani ma sau biyu aka binne shi: ruwa ya tono shi daga tsohon dutse ya sake binne shi a sabo, shi ya sa gogaggen haƙori kan girmi ƙasar da aka same shi a ciki. Abin baƙin cikin shi ne abubuwan da ake gane haƙori da su su ne suke fara tafiya: zarton gefe, da ƙananan kunnuwan da ke tsaye a kafaɗun wasu haƙora, da ƙafafun saiwa.

Sai dai ba sa tafiya ba tare da sun bar sawu ba. Kayan aikina uku ne: madubin ƙara girma mai ninki goma, tocilar waya, da farce. A kashe fitilar ɗaki, a kwantar da hasken tocila daga gefe ƙasa-ƙasa, sai kowane ɗan tudu ya yi inuwa. Zarto ya fi daɗewa a gindin kai, dab da saiwa, inda kafaɗa ta kāre shi daga tsakuwa. A bi wurin da farce a hankali. In an ji kar-kar, ko sau uku ne a jere, da tazara iri ɗaya, zarto ne. In tazarar ba ta daidaita ba, ɓarewa ce kawai. Kunnen da ya karye shi ma yakan bar ɗan tabo zagayayye a kafaɗar saiwa, launinsa dabam da na kewayensa.

Wannan tabon ne ya warware min wani haƙori daga kwalin Wurno. Siriri ne, dogo, santimita biyu da rabi, ba zarto ba kunne. Da farko na kai shi gidan shak ɗin da ake kira mako, domin su ne haƙoransu sirara marasa kunne. Da na kwantar da haske sai ga tabo biyu, ɗaya a kowace kafaɗa, ga kuma 'yar tsaga a tsakiyar tudun saiwa, inda jijiya take shiga. Na juya shi ta gefe, na ga ya lanƙwasa ciki sannan tsinin ya dawo waje. Waɗannan alamu na dangin shak ɗin yashi ne, masu haƙora kamar ƙusa don cafke kifi mai santsi. Kunnuwansa ne suka zube, ya koma kama da wanda ba shi ba. Kama da wane ba ta wane. Wasu daga wannan dangi, irin Striatolamia, suna da 'yan layuka sirara a tsaye a fuskar harshe, kuma ko sun goge a sama akan same su a gindi.

Ni a ganina saiwa ta fi kai riƙon gaskiya. Kai yana yaudara, domin kifaye da ba su haɗa komai ba sukan yi haƙora masu kama idan abincinsu ɗaya. Dubi Squalicorax da Galeocerdo, wato damisar teku. Dukansu faffaɗa ne, masu zarto, tsininsu ya karkata gefe kamar zankon zakara. In sun goge sai a rasa na zaɓa. Amma saiwar Squalicorax shafaffiya ce ba tsaga, ta damisar teku kuwa tana da gajeriyar tsaga a tsakiya, ga kuma wani lungu mai zurfi a bayan tsinin. Sannan ba su taɓa haɗuwa a ruwa ɗaya ba: na farko ya ƙare tare da zamanin Kiritashiyos shekaru miliyan 66 da suka wuce, na biyu sai a Iyosin ya bayyana. Nan ma takarda ta sake shigowa.

Inda aka fi tafka gardama shi ne manyan haƙora masu kusurwa uku. Zuri'ar Otodus doguwar silsila ce, kuma ana iya bin ta a haƙori kamar yadda ake bin kamannin iyali daga kaka zuwa jika. Na farko-farkonsu, obliquus, wanda ya cika kasuwannin Maroko, gefensa sumul ne ba zarto, da manyan kunnuwa biyu, yakan kai santimita goma. Bayansa auriculatus, a Iyosin, ya fito da zarto mai kaushi bai yar da kunnuwan ba, sunan ma ma'anarsa mai kunne. Sai angustidens, sai chubutensis wanda kunnuwansa suka ƙanƙance suka manne da kai, sai megalodon wanda babbansa ba shi da kunne sam, zartonsa kuma ƙanana ne daidaitattu, mafi girman haƙoransa sun haura santimita 18. To idan kafaɗu biyun sun goge, me ya rage da zai raba chubutensis da megalodon? Kusan babu. Ƙaramin megalodon ma wani lokaci yakan zo da ɗan kunne. A irin wannan hali Otodus kawai ake rubutawa a tsaya.

Abin da ke haɗa su duka wata ɗamara ce mai siffar kan kibiya tsakanin kai da saiwa a fuskar harshe, ba ta da ƙyalli sosai, launinta yakan fi duhu. Haƙorin Fulorida na Kawu rabi ne, baƙi ƙirin, tsagewa ya yi daga sama har ƙasa, kauri kamar yankan rogo. Amma rabin ɗamarar yana nan, faffaɗa, ga zarto ƙanana goma sha ɗaya a gindi, ga kafaɗa ɗaya lafiyayya ba kunne. Kogunan Fulorida, irin Peace River, sun shahara da irinsa. Shi kaɗai ne a gwangwanin na rubuta wa megalodon ba da shakka ba. Farin shak na yau da ake yawan rikita shi da shi haƙorinsa falale ne, ba kauri, zartonsa manya ne marasa daidaito, ba shi da waccan faffaɗar ɗamara, kuma da wuya ya wuce santimita bakwai. Akwai kuma hastalis, mai fasalin farin shak amma ba zarto ko ɗaya. Farin shak da zartonsa ya goge tas da hastalis sai farce da haƙuri ke raba su.

Wani tarkon kuma a bakin kifi ɗaya yake. Kamar yadda fiƙa da turmi suka bambanta a bakinmu, haka haƙorin gaba na shak yake miƙe, na gefe ya karkata zuwa kusurwar baki, na can ƙurya ya zama ɗan guntu. A dangin Carcharhinus na sama faffaɗa ne don yanka, na ƙasa sirara don riƙo. Haƙora biyar masu siffa biyar suna iya zama na kifi ɗaya. Masanan ƙarni na 19 da kansu sun faɗa wannan rami, suka raɗa sunaye dabam-dabam ga haƙoran jinsi guda, aka yi shekaru ana warwarewa.

Launi kuwa kada a dogara da shi. Ma'adinan ƙasar da haƙori ya kwanta a ciki ne suke rina shi: fosfat ya ba da baƙi ko toka, ƙarfe ya ba da ja ko ruwan ƙasa. Ba ya faɗin jinsi, ba ya faɗin shekaru. Amfaninsa ɗaya, yakan nuna waɗanda suka fito rami guda. Da shi, da ɗan yashi mai ruwan ɗorawa da ya maƙale a ƙofofin saiwa, na iya ware biyar daga cikin goma sha huɗun nan na mai da su kwalin Maroko.

Ba duk abin da ke gwangwanin ne na shak ba. Wasu 'yan sanduna shafaffu masu layi-layi a ƙasa kamar matsefi, na dangin kunamar ruwa ne, da su suke niƙa katantanwa. Guda biyu zagayayyu ne kamar ƙahon ɗan akuya, ba faffaɗar saiwa mai ƙafa biyu, na kada ne ko wata dabbar ruwa mai kama da shi. Duwatsun Sakkwato sun ba da kadoji ma, har akwai wanda ake kira Sokotosuchus.

Kan na Maroko akwai abin lura. Masu tono sukan gyara karyayyen haƙori kafin su sayar: a haɗa kan wannan da saiwar wancan, a cike giɓi da gam da aka kwaɓa da yashi, wani lokaci a dasa kunnuwan da ba nasa ba. Mafi girman Otodus ɗin Kawu haka yake. Saiwarsa ta yi sumul fiye da kima, ba ƙofofi. Na ɗiga sinadarin goge jan farce a auduga na shafa a lungu ɗaya, wurin ya yi danƙo. Kan na gaske ne, saiwar ta hannu ce. Ban cire ta ba, na dai rubuta a takarda cewa an yi gyara.

Tsofaffin takardu sukan zo da tsofaffin sunaye, kuma wannan ba kuskuren mai rubutun ba ne. Louis Agassiz, masanin Suwizalan da ya wallafa babban aikinsa kan burbushin kifaye tsakanin 1833 da 1843, shi ya raɗa wa megalodon suna, ya sa shi a zuri'ar Carcharodon tare da farin shak. Daga baya aka mai da shi Carcharocles, yanzu yawancin masana Otodus suke cewa. Corax ya koma Squalicorax. Hastalis ya zauna a Oxyrhina, ya koma Isurus, yau wasu na cewa Cosmopolitodus wasu Carcharodon. A bar tsohuwar takarda yadda take, a ƙara sabuwa a gefenta.

Sunan kimiyya kalma biyu ne, ta farko zuri'a, ta biyu jinsi, a samansu kuma akwai dangi. Masana suna da gajerun alamu na tsayawa inda shaida ta tsaya. In an tabbatar da zuri'a kaɗai, a rubuta sunanta a bi shi da sp. In ya yi kama da wani jinsi amma alamar da za ta tabbatar ta goge, a sa cf. kafin sunan jinsin. In dangi kawai aka gane, a rubuta indet. Wannan ba gazawa ba ce, aikin ke nan, kuma manyan gidajen tarihi cike suke da irin waɗannan takardu. Abin da ke ɓata ajiya shi ne cikakken suna a kan haƙorin da bai isa ya ɗauke shi ba, domin wanda zai gada bayanka zai yarda da kai. Daga cikin 63 na Kawu, bakwai ne suka sami suna cikakke.

Wajen wanki a yi sannu. Busasshen buroshin haƙori mai laushi ya isa, sai ɗan ruwa in laka ta ƙi fita. Ban da bilic, ban da ruwan tsami, ban da shafa mai ko fenti don ya yi ƙyalli, domin duk suna rufe ko cinye ƙananan alamun da ake nema. Mai son tambayar masani ya ɗauki hoto uku, fuskar leɓe da fuskar harshe da gefe, da rula a kusa, a hasken rana, ya faɗi sunan wurin. Sashen ilimin ƙasa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, nan ne inda ake karantar da waɗannan duwatsu.

Na ƙarshen da na duba shi ne mafi ƙanƙanta, a kusurwar kwalin Wurno, cikin auduga, bai kai ƙwayar masara ba. Saura kaɗan in ɗauke shi tsakuwa. A ƙarƙashin madubi sai ga faffaɗan kai, ɗan tsini a tsakiya, da burbushin ƙananan tsinaye suna gangarowa dama da hagu kamar buɗaɗɗen mafici, ga wani ɗan leɓe da ya zubo kan saiwa ta gaba. Fasalin shak ɗin da ke kwanciya a ƙasan ruwa yana tsotsar abinci ne, dangin wanda White ya sa wa sunan Sakkwato. Zuciyata ta so in rubuta sokotoense. Na ƙirga tsinayen, hagu huɗu, dama biyu ne kawai suka rage. Na rubuta Ginglymostoma sp., Wurno, na ajiye takardar ƙarƙashin rubutun Kawu.

Da na je gaishe da Inna ranar Juma'a na tafi da shi da madubin. Ta daɗe tana kallo, ta kai shi bakin ƙofa inda haske ya fi, sannan ta ce, “Bar min wannan a nan, da kwalinsa. Rubutun Malam ne a jiki.”